Sikeli Biyu a Nuwara Eliya

Selvarani ta san sikeli tun ban zo garin nan ba.
Kullum la'asar takan kwance igiyar kwando daga goshinta,
a rataya shi a ƙugiya, allura ta yi rawa ta tsaya,
magatakarda ya rubuta bai ko ɗago kai ba.
Kilo goma sha takwas na ganyen shayi,
shi ne yini.
In ya gaza, sai a fara ciniki da guminta.

Ranar Talata ta hau nawa sikelin.
Ta tuɓe silifa, ta damƙe bakin mayafi
kamar mai jiran hukuncin alƙali.
Talatin da tara.
Tsawo, mita ɗaya da rabi.
Na raba nauyi da tsawo sau tsawo
a bayan katinta, da biro mai gardama,
ya ba ni sha bakwai da 'yan ɗigo.
Ga ciki wata biyu, ga wuyan hannu kamar sillen kara.

Na ce, ƙanwata, lissafinki bai kai sha takwas da rabi ba.
Kafin ki sauka lafiya ina son ƙari,
daga sha biyu da rabi zuwa sha takwas.
Ta yi dariya har ta rufe baki.
Ta ce, Uwar ɗaki Kumudini,
sha takwas ai kafin rana ta faɗi nake tara shi.
Na ce, wannan karon ba na kamfani ba ne.

A benci ɗaya Rizna na zaune, matar mai kanti,
lissafinta talatin da ɗaya,
kowa a gida na tura mata kwano, wai ci na mutum biyu.
Ita na ce mata biyar zuwa tara sun wadatar,
ta taka zuwa kasuwa da ƙafa, ta rage zaƙi.
Suka dubi juna.
Rizna ta ce, da ana rance, da na ba ki goma yanzu.

Kakar Selvarani ta aiko mini da saƙo:
a bar yarinya ta ci kaɗan,
ɗa ƙarami shi ke fita ba wahala.
Na hau tudun da kaina, ruwa na tsula,
matsattsaku biyu a idon sawuna.
Ban yi musu da tsohuwa ba.
Na tambaye ta nawa ta haifa. Ta ce bakwai.
Nawa suka yi wayo?
Ta daɗe tana gyara itace a murhu.

Daga nan ƙwai ya fara ɓuya a tukunyar Selvarani.
Busasshen kifi, zogale da kwakwa,
wake a kan shinkafa kafin maza su dawo.
Garin ƙarin kuzari da muke rabawa
da ƙannenta ke lashewa,
Murugesu ya kulle shi a akwati, ya rataya mabuɗi a wuya.
Shayin bayan abinci na hana,
a garin da shayi ne uwa da uba.

Wata na huɗu, arba'in da ɗaya.
Na biyar, amai ya cinye mana rabin kilo,
ta zo tana ba ni haƙuri, kamar ni ta ci wa bashi.
Na shida, arba'in da biyar.
Ɗigon biro yana hawa kan kati
kamar mace da kwando a kan tudu,
ya tsaya, ya huta, ya ƙara taki.

Ba mu kai sha biyu da rabi ba.
Sha ɗaya da ɗigo takwas muka samu,
na rubuta shi yadda yake.

Daren haihuwa wuta ta ɗauke,
na haska allurar da tocilan a baƙina.
'Yar tana tsala ihu cikin tsumma:
kilo biyu da ɗigo tara.
Selvarani ta ɗago kai da ƙyar daga gado.
Ta ce, nawa?
Na faɗa mata.
Ta ce, sake dubawa, Uwar ɗaki,
ni ban taɓa ganin sikelin da bai ci mini wani abu ba.